Yadda Ake Fitar da Babur na Zamani da Siffar Tsohon Yayi a Warshoshin Jidda

Babur mai siffar tsohon yayi, wato tanki mai santsi, fitila zagayayyiya, sit miƙaƙƙe da wili mai sifoki, ya dawo kasuwa da ƙarfinsa, kuma 'yan'uwanmu da ke aikin walda, fenti da kanikanci a sana'iyyar Jidda da Makka, wato unguwannin warshoshi, sun fara samun masu kawo dabbab, wato babur, suna cewa a mayar musu da shi haka. Aikin na da kuɗi, amma yawancin waɗanda ake fitarwa suna lalacewa ta hanya biyu: ko dai a lafta wa babur kayan ado har ya rasa fasali, ko kuma a cire abubuwan da suke riƙe da ran mahayi don kawai hoto ya yi kyau. Ƙa'idar da za a bi a nan guda ce. Abin da ido ke gani shi ne zai tsufa. Birki, taya, wayarin, matatar iska da ma'aunin shasi kuwa dole su zama na yau, kuma su dace da zafi da gishirin Hijaz.

Manyan kamfanoni ma haka suke yi. Triumph ta fitar da Bonneville T120 ta farko a 1959 da inji mai silinda biyu, cc 650, wanda iska ke sanyaya shi. Da ta sake fitar da T120 a 2016 sai ta sa inji mai cc 1200 da ruwa ke sanyayawa, ta ɓoye siririn lagireto a tsakanin ƙarafan gaba na shasi, ta kuma yi wa bututun nozul, mai fesa fetur cikin inji, siffar tsohuwar kafireta. BMW ta nuna samfurin Concept R18 a 2019 tana kwaikwayon R5 ta 1936, sannan ta fito da shi kasuwa a 2020 da inji mai cc 1802. Kawasaki Z900RS ta ɗauko tankinta da wutsiyarta daga Z1 ta 1972. Duk cikinsu babu wanda ya koma birkin ganga a gaba.

Takarda kafin garanda

Kafin ka kunce noti ɗaya, a duba istimara, wato takardar rajistar babur, a tabbatar lambar shasin da ke jikin wuyan babur ta yi daidai da ta takarda. Babur ɗin da aka sayo a Haraj, kasuwar gwanjo, ko aka ɗauko a tashlih, inda ake kwance matattun motoci, ba tare da takarda ba, duk kyan da aka yi masa a gida zai zauna. A Saudiyya sauya launin abin hawa ko yi masa gyaran da ya canza siffarsa ba tare da izinin murur ('yan sandan hanya) ba laifi ne, don haka mai babur ya fara zuwa ya ji abin da za a yarje masa kafin a sa garanda a jikin ƙarfe. Wurin lambar shasi ba a yanka shi, ba a yi masa walda, ba a cike shi da fenti mai kauri. A liƙa masa tef kafin duk wani feshi. Kayan asali da ka cire, salansa, madigadi, madubi, akwatin matatar iska, a zuba su a kwali a ba mai shi. Ranar fahas, wato binciken lafiyar abin hawa, ko ranar sayarwa zai neme su.

Wane babur za a ɗauka

Mafi sauƙi shi ne wanda shasinsa na bututun ƙarfe ne, layinsa na sama a miƙe, da shokozoba biyu a baya. Royal Enfield Interceptor 650, da ya fito a 2018 da inji mai cc 648 da wili inci 18 gaba da baya, kusan an gama maka rabin aiki. Classic 350 na 2021 zuwa sama, Kawasaki W800 da Yamaha SR400 duk suna cikin wannan sahu. Ga mai ƙaramin ƙarfi, Honda CG125, wanda aka fara yi tun 1975, da ire-irensa na Sin masu cc 150 zuwa 200 suna karɓar wannan siffa sosai, kuma kayan gyaransu ba su da wuya.

Wanda ya kamata ka guje wa shi ne babur ɗin tsere mai shasin alminiyam mai faɗi wanda ya rungume inji ta gefe biyu. Idan ka cire masa robobi za ka tarar da wayoyi, tiyo da ƙarafa ko ta ina, kuma layinsa ya gangaro daga baya zuwa gaba. Mayar da shi miƙaƙƙe aiki ne na wanda ya ƙware a waldar alminiyam, ba na gwaji ba.

Sannan a gyara inji tukuna. A auna matsin silinda, a saita bawul, a saurari boris, a hau shi a ji giya da kuloci. Wanda ya yi fenti kafin ya gano inji na shan baƙin mai zai sauke injin ne daga cikin sabon fenti, kuma sai ya karce shi.

Layin da ke sa babur ya tsufa

Nan ne aikin yake, kuma nan ne aka fi gaggawa. Ka cire tanki, sit da robobin gefe, ka tsayar da babur a miƙe a jikin farin bango. Ka ja baya kamar mita goma, ka durƙusa har kyamara ta zo daidai tsayin tsakiyar wili, ka ɗauki hoto ta gefe. Hoton da aka ɗauka a tsaye ko daga kusa yana karkatar da layuka. A buga hoton a takarda babba guda biyar ko shida, a ɗora farar takarda mai shara-shara a kai a yi ta zane.

Layin farko shi ne wanda ya taso daga ƙarƙashin tanki ya wuce ƙarƙashin sit har wutsiya. A baburan Ingila na shekarun 1950 da 1960 wannan layi a miƙe yake, kusan daidai da ƙasa, musamman a shasin Norton Featherbed da Rex McCandless ya ƙera a Belfast, wanda matasan gidan shayin Ace Cafe na Landan suka riƙa ɗora wa injin Triumph suna kiransa Triton. Idan layin nan ya karye a mahaɗar tanki da sit, ko wutsiya ta ɗaga sama, ido zai ga babur na zamani ne ko da ka sa masa fitilar shekara sittin.

Na biyu, wuri mafi tudu a tanki ya faɗo a saman silinda, don nauyin da ido ke gani ya taru a kan inji. Na uku, wutsiyar sit kada ta wuce tsakiyar wilin baya da yawa, fitilar gaba kuma ta matso jikin shokozoban gaba, tsakiyarta ta zo kusa da wancan layin farko. Fitilar da ta yi sama ko ta yi gaba tana sa babur ya zama kamar mai leƙe. Na huɗu shi ne sarari: alwatikar da ke ƙarƙashin sit, inda batir da matatar iska suke. Mutane na son su bar ta fayau haske na ratsawa. Za mu dawo kanta, don a ƙasar nan tana da tsada.

Ka zaɓi salo ɗaya ka tsaya a kai. Na tseren gidan shayi yana da hannu ƙasa-ƙasa da ƙusumbi a bayan sit. Na daji yana da hannu mai faɗi, salansa a sama da taya mai ƙurji. Na gargajiya yana da madigadi cikakke da sit mai ɗaukar mutum biyu. Haɗa hannun wannan da salansar wancan shi ke haifar da babur ɗin da ba a san inda ya dosa ba.

Da zane ya zauna, sai a koma kwali da soso mai tauri. A yanka siffar sit da murfin gefe a kwali, a fafe ƙusumbi a soso, a ɗaura da tef, mai babur ya hau ya zauna. Tela ba ya sa almakashi a shadda sai ya gama awo, ƙarfe ma haka. A bar babur a haka kwana biyu ana kallonsa ta gaba, ta baya da ta gefe.

Ma'aunin da ba a wasa da shi

Akwai awo biyu da ke sa babur ya tafi a miƙe. Ɗaya shi ne kwanciyar wuya, wato yadda wuyan shasi ya karkata daga tsaye, wanda a baburan titi yake tsakanin digiri 24 zuwa 27. Ɗayan kuma, idan ka ja layi ta cikin wuya har ya taɓa ƙasa, tazarar da ke tsakanin wannan wuri da inda tayar gaba ta taka ƙasa. Wannan jan baya yakan kasance milimita 90 zuwa 110. Shi ne ke dawo da kan babur tsakiya da kansa.

Duk abin da ya sauke gaba ko ya ɗaga baya yana rage su. Idan ka zame shokozoban gaba sama da milimita 10 a cikin maƙallansu, wuya zai miƙe da abin da bai kai rabin digiri ba, jan baya ya ragu da milimita 2 zuwa 3. Wannan ba komai. Amma mai son siffa yakan sauke gaba da milimita 40, ya ƙara wa shokozoban baya milimita 30, sai a wayi gari babur na karkaɗa kai a gudun kilomita 110 a babbar hanyar Jidda zuwa Makka. Kada saukewar gaba ta wuce milimita 15 zuwa 20, tsawon shokozoban baya kuma kada ya bambanta da na asali da fiye da milimita 15. Bayan haka a danne gaba har ƙarshe a ga ko taya ko madigadi na taɓa bututun salansa ko maƙalli.

Girman wili ma yana cikin lissafin. Taya 100/90-19 tana da tsayin kusan milimita 331 daga tsakiya zuwa ƙasa, 110/70-17 kuwa kusan 293. Bambancin milimita 38 ke nan a gaba kaɗai. Saboda haka idan babur ya zo da inci 17, ka bar shi a 17 ka nemi taya mai zanen da, ko ka sauya gaba da baya tare ka sake awo. Idan yana da ABS, wato birkin da ke hana wili kullewa, a mayar da zoben haƙora da na'urar da ke karanta shi daidai yadda suke, tazararsu kamar yadda littafin babur ya faɗa. Sauya girman taya ɗaya kawai na rikita lissafin ƙwaƙwalwar birkin.

Bayan an haɗa komai a saita nutsewa: mahayi ya hau da kayansa, shokozoba su nutse da kusan kashi ɗaya cikin uku na tafiyarsu, yawanci milimita 30 zuwa 35 a gaba.

Yanka baya da yin sit

Ana yanka bututun baya ne bayan maƙallan shokozoba, ba gabansu ba. Waɗannan maƙallai da ƙarfen da ya haɗa gefe da gefe su ne ke ɗauke da nauyi. A lanƙwasa bututu mai siffar kofaton doki, faɗinsa daidai da na shasi, yawanci milimita 22 ko 25, kaurin bangonsa milimita 2. Kada a haɗa baki da baki kawai a yi walda. A zura guntun ƙarfe na kamar santimita 8 a cikin mahaɗa, rabi nan rabi can, a huda rami a kowane gefe a cike shi da walda, sannan a zagaye bakin. Waldar argon ta fi tsabta a irin wannan siririn bututu. Kafin a kunna injin walda a cire batir da ƙwaƙwalwar inji gaba ɗaya, a sauke tanki a kai shi nesa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mantawa taya na hawa sama. Ka cire shokozoban baya, ka ɗaga wili har inda zai kai idan sun matse ƙarshe, ka bar aƙalla milimita 20 tsakanin taya da duk abin da ke ƙarƙashin sit. In ba haka ba, tudun rage gudu na farko a cikin unguwa zai sa taya ta cinye wayoyi ko ta fasa batir.

Gindin sit a yi shi da farantin ƙarfe milimita 1.5 ko alminiyam milimita 3, a kan robobi huɗu don kada ya goge fenti. Soso mai tauri santimita 4 zuwa 5 a ƙasa, mai laushi santimita 1 a sama. Sit mai kaurin yatsa biyu yana da kyau a hoto, amma bayan rabin sa'a mahayi zai tsane shi. Fata ta gaske kuwa ranar Makka na busar da ita ta tsage, baƙa kuma ba ta zaunuwa da azahar. A nemi ledar da ake yi wa kujerun jirgin ruwa, ruwan ƙasa ko ruwan goro, a ɗinka da zaren da rana ba ta ci. Masu ɗinkin kujerun mota a sana'iyya sun san ta.

Tanki

Idan babur mai kafireta ne, sauya tanki abu ne mai sauƙi: ramin cikinsa ya zauna a kan ƙashin bayan shasi, famfon fetur ya kasance sama da kafireta, hannu kuma kada ya bugi tanki idan an juya shi ƙarshe. Mai nozul kuwa famfonsa na lantarki yawanci a cikin tanki yake, yana tura mai da ƙarfin kusan ba 3 ("ba" ma'aunin matsi ne). Tsohon tanki ba shi da wurinsa. Ko dai a yanko farantin famfon daga tankin asali a dasa shi a sabon, ko a bar tankin asali a gyara masa siffa da fenti da robar gwiwa. Shawara ta biyu ta fi, sau tara cikin goma.

Ba a yi wa tankin da ya taɓa ɗaukar fetur walda sai an wanke shi da ruwan zafi da sabulu sau da yawa, an kuma cika shi da ruwa ko iskar argon yayin aikin. Tururin fetur ne ke fashewa, kuma tankin da ya shekara a bushe ma yana iya riƙe shi. Bayan walda a gwada shi da iska kaɗan, matsi mai awon ba 0.2 ya isa, a shafa ruwan sabulu a kan ɗinkin a ga ko zai yi kumfa. Iskar kwamfuresa kai tsaye tana kumbura tanki ta ɓata shi. A tabbatar murfi na numfashi, don a zafin nan tankin da ba ya fitar da tururi yana kumbura, a tafiya kuma mai ya daina sauka inji ya mutu. Kada cin tanki ya gaza lita 11 ko 12 in ana son fita wajen gari.

Matatar iska da salansa

Mu koma kan alwatikar nan. Don a bar ta fayau, sai a cire akwatin matatar iska a sa ƙananan matatai a bakin kafireta. A Turai wannan na wucewa. A nan kuwa ƙura ce mai laushi da ke ratsa irin waɗannan matatai ta cinye zoben fistin da bangon silinda. Ban da haka iska na ƙaruwa, mai ya yi kaɗan, inji ya ƙara zafi a garin da zafinsa ke haura digiri 45 da rani. Alamominsa su ne fulogi fari fat, tari idan an saki totur, da bututun salansa da ya koma shuɗi tun daga bakin inji. Kafireta mai roba a kai, wadda iska ke ɗaga allurarta, ita ce ta fi ƙin wannan sauyi: za ta yi ta shaƙewa a tsakiyar totur duk yadda ka sauya jet.

Abin da ya fi shi ne a bar akwatin, a fesa masa baƙin fenti marar ƙyalli, a yi masa siririn murfin gefe na ƙarfe ko alminiyam. Baburan da ma ai da murfin gefe suke. Idan mai babur ya nace, a sa matatar soso mai hawa biyu wadda ake shafa wa mai, a wanke ta duk bayan kilomita 1,000 ko bayan kowace guguwar ƙura, a ƙara babban jet da mataki ɗaya ko biyu, a duba launin fulogi ya zama ruwan ƙasa. A tuna kuma cewa wanda aka saita a Jidda, bakin teku, zai sha mai fiye da kima idan ya hau Al-Hada zuwa Ɗa'if, inda tsayi ya kusa mita 2,000. Mai nozul yana gyara wannan da kansa.

Salansa mai siffar ƙaho ko ta kwalba ita ce ta da, amma a bar abin rage ƙara a ciki. Ƙyallen da ake naɗe bututu da shi kuwa kada a sa shi a Jidda. Yana shan raɓa da gishiri ya riƙe su a jikin ƙarfe, bututu ya ruɓe a ɓoye. Bakin ƙarfe marar tsatsa ko fentin da ke jure zafi ya fi. Lagireto ko na'urar sanyaya baƙin mai kuma ba a rage girmansu, ba a rufe gabansu da lamba ko jaka. Baƙin mai ya zama na babur mai alamar JASO MA2, 10W-40 ko 20W-50 gwargwadon littafi. Na mota yana sa kuloci santsi.

Birki, taya da wili

Honda CB750 ta 1969 ce ta yaɗa birkin faifai a gaba, don haka faifai ma tsohon yayi ne, ba sai an ɓoye shi ba. A sa tiyon birki mai saƙar ƙarfe da baƙar riga, man birki DOT 4, a sauya shi duk shekara biyu, a Jidda ma gara duk shekara saboda yana shan danshi. Ɗigonsa na cinye fenti nan take, a rufe tanki da tsumma. Idan an sauya hannu a tabbatar kofin man birki ya zauna a miƙe, tiyo kuma bai ja ba idan an ɗaga gaba.

Taya mai zanen zigzag irin ta shekarun 1940 ta baje koli ce. Gefenta a tsaye yake, ba ta son kwana, a kwalta mai santsin mai kuwa ba ta riƙe ƙasa. Akwai masu zanen da amma robar zamani, kamar Dunlop TT100, Avon Roadrider, Bridgestone BT46 da Pirelli Phantom. A duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya: 1224 na nufin mako na 12 na 2024. Wadda ta haura shekara biyar a bar ta, ko da ba a taɓa hawa ba.

Wili mai sifoki yawanci da tiyub yake aiki, kuma tiyub idan ƙusa ta shiga yana sacewa lokaci guda. A sa tiyub mai kauri da sabon ɗamarar roba a cikin rim. Sifoki su zama na ƙarfe marar tsatsa, a ɗaure su kaɗan-kaɗan ana zagayawa har rawar rim ta gaza milimita 1, a sake dubawa bayan kilomita 500. Madigadin gaba kada a cire shi duka. A baburan da yawa ƙarfen cikinsa ne ke haɗa shokozoban gaba biyu, in babu shi sai gaba ya riƙa murɗewa a birki. A rage tsawonsa kawai.

Wayarin

Fitila inci 7 ita ce ta gargajiya, inci 5.75 ga ƙaramin babur. A sa gilashi mai zanen da da ƙwan LED mai yanke haske daidai, don kada ya kashe wa na gaba ido. Sigina na LED za su riƙa ƙiftawa da sauri sai an sauya musu rile na lantarki, ƙiftawar da ake so 60 zuwa 120 ce a minti. Kada a ƙanƙanta su har rana ta haɗiye su, kuma lamba ta zauna a tsakiya da fitilarta, ba a kwance a gefe ba.

Ƙaramin batir na litiyam yana shiga cikin ƙusumbin sit, amma ba ya jure caji fiye da kima. A auna da mita, inji na gudu: bolt 13.8 zuwa 14.5 ake so. Tsohuwar ragulata da ke haura haka za ta kashe shi, a sauya ta. Ita ragulatar a bar ta inda iska ke bugunta, ba a cikin rufaffen akwati ba. Waya mai kaurin murabba'in milimita 0.75 ta isa sigina, 1.5 ga fitila da hon, kowane layi da fis ɗinsa na amfiya 10 ko 15, babban fis 30 kusa da batir. A matse kan waya da abin matsewa a rufe da robar da wuta ke tsukewa. Baƙin tef a zafin nan yana narkewa ya saki. Bayan fenti a kankare wurin da wayar ƙasa za ta kama shasi har ƙarfe ya fito, rabin matsalolin wuta bayan haɗi daga nan suke.

Fenti

A fara haɗa babur gaba ɗaya ba fenti, a hau shi, a gama duk walda da huji, sannan a wargaza. Shasi ya fi son fentin hoda da ake gasawa a digiri 180 zuwa 200, bayan an cire boris da robobi an toshe ramukan noti. Tanki a kankare shi har ƙarfe da samfefa 80 sannan 180, a fesa share fage na ifoksi a ranar, domin ƙarfe tsirara a Jidda kafin gari ya waye ya yi ja. Ma'ajun, wato abin cike lotso, ya zo a kan ifoksi, siriri, a goge da 320 sannan 600. Launi hawa biyu ko uku, minti 10 zuwa 15 a tsakani. Na ƙarshe shi ne mai ƙyalli mai haɗi biyu, wanda shi kaɗai ke jure fetur. Na gwangwani mai haɗi ɗaya ranar farko a gidan mai zai narke a bakin murfi. Mai haɗi biyun yana da guba ga huhu, a sa takunkumi mai matata na gaske, ba na asibiti ba.

A yi feshi da sassafe da tina mai jinkirin bushewa. Da rana fenti na bushewa kafin ya isa jikin ƙarfe ya fito da ƙurji, ranar da danshi ya yi yawa kuma ya yi hazo. Launi biyu sun isa: kore mai duhu da ruwan madara, baƙi da siririn layin zinare, ko ja da azurfa. A bar shi mako guda kafin a zuba fetur ko a goge da 1500 da 2000.

Gwaji

Duk notin birki, wili da shokozoba a ɗaure shi da sufana mai awo bisa littafi, a ɗiga masa alamar fenti don a gane in ya motsa. A juya hannu dama da hagu har ƙarshe inji na aiki. Idan ƙarar inji ta tashi, wayar totur ta ɗame, a sake mata hanya. Babban yatsa kuma kada ya matse tsakanin hannu da tanki. A saita sakin kaca, yawanci milimita 25 zuwa 35, mahayi na kai.

Hawan farko a yi shi bayan sallar asuba a titin da babu motoci, da hular kwano da safar hannu. A fara da gudun 30 a gwada birkin gaba da na baya daban-daban, sannan 60, sannan 80, ana sassauta riƙon hannu kaɗan a ji ko kai zai karkaɗa. Idan ya karkaɗa a koma a duba iskar taya, boris ɗin wuya, sannan a mayar da tsayin gaba yadda yake. Bayan kilomita 20 a tsaya a taɓa ragulata da wayoyi, a leƙa ƙarƙashin sit a ga ko taya ta bar shaida, a shinshina fetur. Bayan kilomita 200 a sake bin duk noti da kaca, a kunce fulogi a duba launinsa, sannan a kai shi fahas.